Darasin Allo: Yadda Mutum Zai Rage Cunkoson Ayyuka Ya Riƙa Gama Abin da Ya Fara

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin tela a watan azumi, ya kuma koma karɓa ranar jajibere, ya san wani irin kallo da ba a cika ganinsa ba sai a wannan lokaci: shago cike maƙil da shadda da yadi, wasu an yanka an ninke, wasu an harhaɗa jiki ba a sa hannu ba, wasu suna jiran aikin wuya, wasu babu abin da ya rage musu sai maɓalli da guga, ga masu kaya sun jeru a kan benci kowa fuska a murtuke, ga shi kuwa tela idanu sun yi jawur don rashin barci, yana taɓa wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya ajiye, duk wanda ya ɗaga murya a jawo nasa a ɗora a kan keke, da ya yi shiru kuma a ture shi gefe. Ni kaina na taɓa zama a irin wannan benci wata shekara, tun bayan sallar isha'i har dare ya raba, ina jiran kaftani ɗaya tak wanda na kai tun farkon wata. Da haƙurina ya ƙare sai na ce, "Malam, don Allah, a cikin wannan tuli nawa ka gama?" Ya ɗaga kai ya dubi kayan, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Wallahi yallaɓai, duk na fara su."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin kuwa da na yi mata duban tsanaki sai na ga cewa ciwon da yake damun telan a wannan dare ya game mutane da yawa waɗanda ba su taɓa taka keken ɗinki ba. Ɗalibin da jarrabawa ta ƙarato ya baje littattafai tara a kan tabarma, ya buɗe wannan ya rufe, ya buɗe wancan, har barci ya sace shi bai karanta shafi biyar ba. Da ma'aikacin da fayiloli suka yi tsiri a kan teburinsa, kowanne an duba shi rabi. Da uwargidan da ta ɗora tukunya, ta jiƙa wanki, ta fara tsefe wa yarinya kai, ga baƙi sun yi sallama. Da mai ginin da ya kai gida uku linta bai yi wa ko ɗaya rufi ba, dukkansu 'yan uwan telan nan ne. Ayyuka sun rincaɓe musu har sun rasa ta inda za su kama, kuma abin mamaki, gwargwadon yadda nauyin yake ƙaruwa a zuciya, gwargwadon yadda jiki yake ƙara yin sanyi, har ka ga mutumin da aiki ya fi yi wa yawa shi ne zaune yana latsa waya, ko yana share ɗakin da aka riga aka share.

Mutane sukan yi saurin yanke wa irin wannan hukunci da cewa malalaci ne, shi ma yakan karɓi hukuncin ya shiga zargin kansa, alhali kuwa sau da yawa an yi kuskuren gane cutar ne, likitan da bai gane cuta ba kuwa maganinsa ba ya ci. Malamanmu, a wajen sharhin addu'ar nan wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake neman tsari a cikinta daga damuwa da baƙin ciki da gajiyawa da kasala, sun bambance tsakanin biyun ƙarshe, suka ce gajiyawa ita ce rashin iko a kan abu, kasala kuwa barin abu ne alhali da ikon yinsa, saboda mutuwar zuciya. Telan da ya kwana uku bai runtsa ba, zalunci ne a tuhume shi da kasala. Abin da ya same shi ya fi kusa da gajiyawa, sai dai gajiyawa ce wadda ya jawo wa kansa ta hanyar yadda ya shirya aikinsa, kuma tun da shiri ne ya kawo ta, shiri zai iya kawar da ita. Faɗa da nasihar a ƙara himma ba su tsinana kome ga wanda himmarsa ta riga ta kai iyaka, kamar yadda bulala ba ta ƙara wa jakin da aka yi wa lodin raƙumi ƙarfi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna binciken abin da yake aukuwa a cikin kan mutum idan ayyuka suka taru masa. A shekarar 1956 wani masani Ba'amurke mai suna George Miller ya wallafa wata maƙala wadda ta shahara ƙwarai, inda ya nuna cewa abubuwan da hankali yake iya riƙewa a lokaci guda ba su wuce wajen bakwai ba, a ƙara biyu ko a rage biyu. A shekarar 2001 kuma Nelson Cowan ya sake bitar hujjojin ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. Watau ke nan wurin da hankali yake aikinsa na nan take bai fi faɗin faifai ba, wanda ake bakace a kansa kaɗan-kaɗan, amma mu muna ɗaukarsa tamkar rumbu muna ta juye masa damuna guda.

Tun kafin wannan, a birnin Balin na ƙasar Jamus, wata ɗaliba mai suna Bluma Zeigarnik, wadda take karatu a hannun Kurt Lewin, ta yi wani gwaji da ta wallafa a 1927. An ce asalin abin shi ne, malamin nata ya lura masu raba abinci a gidan shan shayi suna riƙe lissafin wanda bai biya ba daram a ka, amma da zarar ya biya sai lissafin ya ɓace musu. Sai ta tara mutane ta ba su ƙananan ayyuka wajen ashirin, irin su lissafi da ƙera siffofi da yumɓu, ta ƙyale su suka gama rabi, sauran rabin kuwa ta riƙa katse su a tsakiya. Da ta tambaye su daga baya su faɗi ayyukan da suka yi, sai waɗanda aka katse suka fi faɗo musu a rai, kusan ninki biyu. Masu binciken da suka maimaita wannan gwaji a bayanta ba kullum suka sami sakamako mai ƙarfin nata ba, amma ainihin al'amarin kowa ya san shi a jikinsa. Bashin da ba a biya ba shi yake hana barci, aikin da aka fara ba a gama ba kuwa bashi ne da mutum ya ci a wurin kansa, mai binsa kuma yana zaune a cikin ƙirjinsa. Idan irin waɗannan masu bin bashi suka kai talatin, kowa yana buga ƙofa a lokaci guda, yaya za a yi mai gida ya natsu ya sallami ko ɗaya daga cikinsu?

A shekarar 2011 wasu masana biyu a Amurka, E. J. Masicampo da Roy Baumeister, suka gano wani abu mai sanyaya rai game da waɗannan masu bin bashi. Sun sa mutane su tuna da ayyukan da suke kansu ba su gama ba, sa'an nan suka ba su wani labari su karanta, sai aka ga tunanin ayyukan yana ta kutsowa yana ɓata musu fahimta; amma waɗanda aka fara sa su suka rubuta yadda za su yi aikin, da lokacin da za su yi shi, sun karanta labarin da natsuwa, ko da yake ba su taɓa aikin ba tukuna. Ashe mai bin bashin nan yana da sauƙin kai: idan aka yanka masa rana tabbatacciya, yakan koma ya zauna ya jira.

Idan mutum yana neman wurin da aka daɗe ana aiki da wannan hikima a ƙasar Hausa, to ya leƙa makarantar allo. Haddace Alƙur'ani mai girma, sura 114, aiki ne wanda idan aka ajiye shi gaba ɗaya a gaban yaro ɗan shekara bakwai aka ce ya ɗauka, zai fashe da kuka ya gudu. Amma babu malamin da yake yin haka. Ana fara masa da babbaƙu, sa'an nan farfaru, sa'an nan a rubuta masa abin da allonsa zai ɗauka, layi biyu ko uku, malam ya biya masa, ya koma gefe ya yi ta maimaitawa, kuma ba shi da izinin wanke allo a yi masa sabon rubutu sai ya kawo wannan ya zauna a bakinsa. Littafin kansa an kasa shi izu sittin, kowane izu sumuni takwas, jimla sumuni 480, ta yadda gardin da ya lazimci sumuni ɗaya kowace rana zai kai ƙarshe cikin kimanin wata goma sha shida, mai karanta izu biyu kullum a watan azumi kuwa zai sauke daidai da ƙarewar wata. Almajiri bai taɓa kwana da tunanin izu sittin ba, abin da yake gabansa shi ne allon yau. Kuma mu tuna, shi kansa Alƙur'ani an saukar da shi ne da tadriji cikin shekara ashirin da uku. A cikin wannan tsari na allo akwai darussa biyar, waɗanda tela da ɗalibi da ma'aikaci da uwargida za su iya ara.

Darasi na farko shi ne a sauke kaya daga ka zuwa takarda. Mutum ya sami littafi guda ɗaya, ba 'yan takardu barkatai a aljihu da ƙarƙashin matashi ba, ya zauna ya rubuta duk wani abu da yake jin yana binsa, babba da ƙarami, tun daga kuɗin makarantar yara har zuwa ta'aziyyar da bai je ba, har sai ya ji babu sauran abin da yake motsi a zuciyarsa. Sau da yawa abin da yake kama da dubu a cikin duhun ka, idan aka fito da shi fili aka ƙirga sai a tarar bai wuce ashirin da 'yan kai ba. Amma akwai sharaɗi a wajen rubutun, kuma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Wanda ya rubuta "gyaran gida" ko "maganar gado" ko "karatun jarrabawa" ya rubuta izu sittin a kan allo, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan da hannu zai iya kamawa yau da safe. Abin da ake so a rubuta shi ne matakin farko wanda ido zai iya ganin mutum yana yinsa: a kira magini a tambaye shi buhun siminti nawa katangar za ta ci, ko a je wurin baffa ranar Juma'a a karɓo takardar gona, ko a karanta babi na uku a amsa tambayoyin ƙarshensa. Duk aikin da mutum ya ga yana ta kewaye shi mako da makonni, to ya bincika, galibi zai tarar bai yanka shi daidai faɗin allo ba.

Darasi na biyu, wanda shi ne telanmu ya fi jahilta, shi ne kada a wanke allo sai an iya, watau kada a buɗe sabon aiki sai an rufe na hannu. Lissafin wannan a bayyane yake. A ƙaddara tela yana da riguna goma, kowace tana cin yini guda. Idan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ranar farko mutum ɗaya ya karɓi kayansa ya biya ya tafi yana sa albarka, rana ta biyar rabin masu kaya sun sallamu, shago ya yi fili, kuɗin zare ya shigo. Idan kuwa ya yanka goman gaba ɗaya ya riƙa taɓa kowace kaɗan-kaɗan don ya faranta wa kowa, to har rana ta tara babu wanda ya karɓi kome, mutum goma suna masa sintiri, kuma sai ya wuce kwana goman, saboda lokacin da yake ɓatawa wajen neman hannun wannan riga a cikin tuli, da canza zare, da ba da haƙuri. Aiki iri ɗaya, wahala iri ɗaya, amma na farko ya fita da mutuncinsa, na biyu ya yi sunan maƙaryaci. Kamfanin motoci na Toyota a ƙasar Japan ya gina tsarin masana'antarsa a kan wannan fahimta bayan yaƙin duniya na biyu, a ƙarƙashin jagorancin injiniya Taiichi Ohno, wanda ya lissafa tarin kayan da aka fara ba a gama ba a cikin nau'o'in ɓarna, ya kuma sa aka riƙa amfani da 'yan katuna, ta yadda wani sashe ba zai ƙera kome ba sai sashen da yake gabansa ya aiko da kati yana nema. Wata masaniya kuma, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani yanki na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, sai ya shiga na biyun da ragowar hankali. Bahaushe ya taƙaita wannan duka da cewa taura biyu ba ta taunuwa. A zamaninmu kuwa babbar taura ta biyu ita ce wayar hannu, wadda kowane saƙon WhatsApp da ya shigo cikinta sabon mai kaya ne ya yi sallama a bakin shago. Wanda yake son ya gama abu, ya kai ta wani ɗaki ya rufe na sa'a guda, duniya ba za ta tashi ba.

Darasi na uku shi ne a yanka wa kowane aiki lokaci da wuri. Mai karatu ya dubi salla: mutumin da ya kasa cika alkawarin rubuta wasiƙa guda cikin wata uku, shi ne kuma bai taɓa barin salla biyar ba kowace rana cikin shekara talatin, domin shari'a ba ta bar masa ita a kan sa'ad da ya sami dama ba, ta ɗaure kowace da lokacinta, har malaman fiƙihu suka bayyana muhtarinsa da larurinsa, ga kuma ladan yana tunatarwa. Abin da aka ce za a yi shi "wani lokaci" shi ne abincin taswifi, watau cutar nan ta sai gobe, sai jibi, wadda malaman tarbiyya suka yi ta gargaɗi a kanta. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya gwada wannan da ɗalibai: ya roƙe su su rubuta rahoton yadda suka yi daren Kirsimeti cikin kwana biyu bayan bikin, ya sa rabinsu suka faɗi tun da wuri a wane lokaci da kuma a wane wuri za su zauna su rubuta, sauran kuwa ya bar su da kyakkyawar niyya kawai. A cikin waɗanda suka yanka lokaci da wuri, kusan kashi uku cikin huɗu sun rubuta a kan kari. A cikin sauran kuwa, kashi ɗaya cikin uku. Mu kuwa Allah ya hutar da mu neman turakun da za mu ɗaure ayyukanmu, domin yininmu a kase yake tun asali. Wanda ya ce "bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, zan zauna a zaure in yi lissafin shago" ya fi kusa da aikatawa nesa ba kusa ba a kan wanda ya ce "zan yi lissafin nan in na sami sarari".

Darasi na huɗu ya fi sauran ɗaci, domin ya shafi abin da mutum yake karɓa tun farko. Ɗan Adam yana da wata tawaya a wajen kintace, wadda take sa shi ya ga kowane aiki zai ƙare da wuri fiye da yadda zai ƙare. A ƙasar Kanada, a 1994, Roger Buehler da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa zai ɗauke su su gama kundin digirinsu. Matsakaicin abin da suka faɗa kwana 34 ne, da aka ce su ƙaddara kome ya lalace suka ce 49, amma a haƙiƙa sai da suka ci kwana 55 da ɗoriya, watau ko mummunan zatonsu bai kai gaskiya ba. Kada kuma a ce wannan halin yara ne: mashahurin gidan wasan kwaikwayo da waƙe-waƙe na birnin Sidni a ƙasar Ostiraliya, an fara gininsa a 1959 da zaton za a gama a 1963 a kan dala miliyan 7, bai ƙare ba sai 1973 a kan dala miliyan 102. Maganin wannan tawaya shi ne mutum ya daina tambayar zuciyarsa, ya tambayi tarihinsa. Telan da ya san bara kaftani biyu yake gamawa a yini, kuma saura kwana ashirin salla, to arba'in ne iyakarsa, a cire kuma na ranar da za a ɗauke wuta da ranar da keke zai lalace. Duk abin da ya karɓa sama da haka, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami ne a kan abin da ya san ba zai yiwu ba.

Na sani a nan ne al'adarmu take ɗaure mana hannu, domin kunya ba ta barin Bahaushe ya dubi surukinsa ko maƙwabcinsa ko babban abokin cinikinsa ya ce ba zai iya ba, sai ya ce "to, in sha Allahu" alhali zuciyarsa tana faɗa masa akasin haka. Amma kunyar minti ɗaya a farkon wata ta fi sauƙi a kan tozarcin daren salla, kuma saɓa alkawari yana cikin alamomin munafunci da hadisi ya lissafa, bai kuwa dace a mai da kalmar in sha Allahu mafakar abin da ba a yi niyyar cikawa ba. Harshenmu bai rasa lafuzza masu taushi da za a ƙi abu da su ba tare da an ci fuskar kowa ba: "Baba, na so a ce ni zan yi maka, amma hannuna ya cika, kada in sa ka ji kunya ranar idi, in ka yarda in haɗa ka da wani, ko kuwa in yi maka bayan salla da kwana uku." Mai hankali zai ji haushi na ɗan lokaci, sa'an nan ya riƙe ka a matsayin mai magana ɗaya har abada.

Darasi na biyar shi ne dawwama a kan kaɗan. Hadisin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya karantar da cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da ƙanƙane ne, kuma wannan ƙa'ida tana aiki a sha'anin duniya kamar yadda take aiki a ibada. Wani marubucin Ingila na ƙarni na goma sha tara, Anthony Trollope, ma'aikacin gidan waya ne shekara da shekaru, amma ya bar littattafan ƙagaggun labarai 47, ta hanyar tashi da ƙarfe biyar da rabi na asuba ya zauna sa'a uku kafin ya tafi ofis, da agogo a gabansa, yana neman kalma 250 a kowane kwata na sa'a. Har ladan musamman yake biyan baransa don ya tashe shi a kan lokaci. Bai jira ranar da zai sami hutu ko ranar da ilhama za ta sauko ba. Akwai kuma wani sirri a cikin gama ƙaramin abu, wanda Teresa Amabile ta jami'ar Harvard da Steven Kramer suka bayyana a 2011, bayan sun nazarci rubuce-rubucen yau da kullum kusan 12,000 na ma'aikata 238: babu abin da ya fi ɗaga zuciyar ma'aikaci a yininsa kamar ya ga ya ci gaba a aikin da yake da ma'ana a wurinsa, ko da taki ɗaya ne. Farin cikin da almajiri yake ji ranar da aka ce ya je ya wanke, shi ne yake dawo da shi gobe. Manomi ma idan ya tsaya a bakin gona ya hangi ƙarshenta gwiwarsa takan yi sanyi, shi ya sa yake sunkuyawa ya bi ta kunya-kunya. Idan kuwa wata rana ta kuɓuce, saboda ciwo ko biki ko rasuwa, kada mutum ya ce tsari ya rushe ya watsar, kada kuma ya ce gobe zai rama ninki uku; ya koma kan allonsa daga inda ya tsaya. Hutu ma yana cikin tsarin, domin makarantar allo da kanta tana tashi Alhamis da Juma'a.

Wajibi ne kuma in faɗi iyakar wannan magana, don kada a ɗora wa wanda aka zalunta laifi. Akwai kayan da kowane irin shiri aka yi sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kamar matar da aka bar wa girki da wanki da reno da jinyar tsohuwa ga kuma aikin ofis, ko ma'aikacin da aka ba shi aikin mutum uku a kan albashin ɗaya. Maganin wannan a raba kayan ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutanen da suka ƙago gayya don noman da ya fi ƙarfin gida ɗaya bai kamata jikokinsu su ɗauki neman taimako abin kunya ba. Haka nan, wanda ya ga nauyin zuciyar ya zarce mako biyu, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, abinci ya fita ransa, abin da yake jin daɗinsa a da ya daina yi masa daɗi, to lamarinsa ya wuce na littafi da alƙalami, ya je ya ga likita, domin ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran cututtuka, kuma ana maganinsa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan kana cikin waɗanda za su iya amsawa da amsar telan nan, cewa duk ka fara su, to kada ka jira sabuwar shekara ko farkon wata. Yau bayan isha'i ka ɗauki littafi ka rubuta duk abin da yake binka. Ka soke waɗanda ka san ba za ka yi ba, ka sanar da masu su da kyakkyawan lafazi. A cikin sauran ka zaɓi ɗaya, wanda ya fi kusa da ƙarewa ko wanda haƙƙin wani yake rataye da shi, ka yanka matakinsa na farko, ka rubuta lokaci da wurin da za ka yi shi, sa'an nan ka rufe littafin ka kwanta. Gobe kada ka taɓa na biyu sai na farko ya bar hannunka. Allah ya sa albarka a cikin lokacinmu, ya ba mu ikon cika abin da muka ɗauka.